Gadon ƙarfen da na gada

Hatsi ya shiga rumbu, yanzu kuma sai maganar biki. A watan jiya mata huɗu suka nemi rance a asusunmu, uku daga cikinsu kayan ɗakin ɗiya za su saya. Shi ya sa na ce yau bari mu yi zancen tsofaffin kayan ɗaki, waɗanda muka jibge a bayan ɗaki kaji na kwana a kai.

Bara da aka sa ranar auren ɗiyata ta fari, na je kasuwa na taya gado da kwaba irin na yayi. Kuɗin da aka faɗa mini ya fi rabona na asusu na shekara biyu. Na dawo jikina a sanyaye. Inna ce ta tuna mini da gadon ƙarfen Kaka, wanda aka yi mata jere da shi a 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai. Muka jawo shi, duk tsatsa, ƙafa ɗaya ta rabu. Gefensa ga wata kwaba ta katakon maɗaci, ƙyaure ɗaya na lilo. Sai da ƙarti biyu suka kama kafin ta ɗagu.

Wannan nauyin shi ne sirrin. Kayan wancan zamani ƙarfe ne na gaske da katako tsantsa. Da yawa daga na yanzu garin katako ne aka matse da gam, aka liƙa masa leda mai ƙyalli. Ruwa na taɓa shi sai ya kumbura, in aka kwance shi sau biyu kusa ba ta ƙara kamawa. Mu kuwa mun san rayuwar ɗiya mace: yau gidan haya, gobe tashi, ga damina da yoyon rufi.

In babu tsohon kaya a gidanku, ana samunsu hannu na biyu. Ƴan Yamai sun san kasuwar Katako, a Damagaram akwai kasuwar Dole, Maraɗi da Tawa ma ba a rasa masu sayarwa. Amma ki duba kafin ki biya. In katako ne, ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa. In ya yi amo kamar ƙwarya, ko kin ga ƙananan huji da gari na zubowa, ƙwari sun cinye cikinsa. Ki juya ki duba ƙafafu da baya, nan gara take farawa. In ƙarfe ne, ki karce tsatsar da wuƙa. In ƙarfe mai haske ya fito, lafiya lau. In wuƙar ta burma, ki bar musu abinsu ko da kyauta ne.

Ga yadda muka yi da gadon. Muka kwance shi, muka kwarara tafasasshen ruwa a duk mahaɗa saboda kuɗin cizo, muka shanya a rana. Mai walda ya ɗinke ƙafar. Muka goge tsatsa da buroshin ƙarfe, sannan muka shafa jan fentin nan mai hana tsatsa, wanda masu shago ke kira antiruyi. Kada ki tsallake shi, in ba haka ba tsatsa za ta ɓullo ta ƙarƙashi kafin shekara. Da ya bushe muka shafa shuɗin fenti sau biyu, kwana guda tsakani, kuma shafa mara kauri. Lokacin hunturu ne, don haka a cikin zaure muka yi, da iska na shiga amma ba ƙura, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti.

Abu guda nake roƙonku. Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, kuma gubarta na taɓa ƙwaƙwalwar yara. In za ki kankare, ki jiƙa wurin da ruwa don kada ƙura ta tashi, ki ɗaure hanci da baki, ki shimfiɗa buhu ki tattara abin da ya zuba. Kada yara su zo kusa, kada mai ciki ta yi aikin, kuma a yi shi nesa da madafa.

Ita kwaba ba mu yi mata fenti ba. Sabulu da tsumma mai ɗan danshi muka fara sa mata, sannan takardar goge katako, ana bin tsawon katakon ba a gicciye ba. Kafinta ya sake mata maƙalan ƙyaure da makulli, ya shafa man ƙyalli. Jan maɗacin ya fito kamar yau aka sare shi. Muka ɗora ƙafafunta a kan ƴan duwatsu, muka ɗan janye ta daga bango saboda gara.

Sai fitilu. Tsohuwar fitilar ƙwai ba ta mutuwa: a wanke tankin, a sa sabon lagwani da gilashi, ga ta nan ranar da aka ɗauke wuta. Kananzir kaɗai ake zuba mata, ban da fetur ko kaɗan. Amma tsohuwar fitilar lantarki mai hular ƙarfe, wadda ake ratayawa, kada ki jona ta don gwaji. Wutarmu volt 220 ce, kuma robar tsohuwar waya ta riga ta farfashe, tana iya taɓa ƙarfen. Mai gyaran wuta ya sake waya da mazaunin ƙwai gaba ɗaya, a sa ƙwan LED, ba ya zafi sosai kuma ba ya cin wuta.

Duka abin da na kashe, da walda da fenti da kafinta, jika 19 ne. Katifa da zannuwan gado da kwanuka kam sababbi na saya, da kuɗina, ban ci bashi ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na sha magana. Wata ƴar uwa ta ce, "Haba Yaya, ɗiyar fari za ki kai da gadon kakanni?" Abin ya yi mini zafi. Amma kafin in taɓa komai sai da na zaunar da yarinyar, na nuna mata lissafi. Na ce in ta amince, abin da ya rage zan saya mata keken ɗinki. Ta yi shiru kwana biyu, sannan ta ce shuɗi take so. Da ta ƙi, da ban tilasta mata ba, ɗakinta ne. Ranar jere, mai maganar nan da kanta ta tambaye ni inda na samo kwabar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba na zargin wadda ta ci. Amma rancen da aka sa a sana'a shi yake biyan kansa, wanda aka sa a gado kuwa daga tukunyar gida ake biyansa. Kafin taronmu na gaba, kowace ta leƙa bayan ɗakin mahaifiyarta ta ga abin da ke nan. In muka haɗa kaya uku ko huɗu, sai mu kira kafinta ɗaya da mai walda ɗaya, mu yi ciniki a dunƙule, gwangwanin fenti ma a raba.

Allah ya sa albarka a auren ƴaƴanmu, ya rufa mana asiri. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.