Waiwaye: Wa Ke Ciyar Da Gidan Birkila In Ya Kwanta?

Wanda ya yi wayo a Kaduna a shekarun 1980 ya san darajar aikin albashi. Masaƙar KTL da aka buɗe a Kakuri a 1957, da ta UNTL, da kamfanin Peugeot, sun ɗebi dubban mutane, har daga Kawo da Unguwar Shanu ana ƙetare gada da asuba. Albashin ba yawa gare shi ba, amma in inji ya kama hannunka akwai wanda za ka riƙe. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, jama'a da dama suka koma cin gashin kansu: walda a Panteka, kafinta, gini, jan wayar lantarki, ƙaramar kwangila. Aka samu 'yanci, aka rasa mai ɗaukar nauyi.

Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, an gina ta ne a kan mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. To birkilan da ya karɓi jinga a Malali, wa ya ɗauke shi aiki? Shi ne maigida, shi ne yaro. In ya zamo daga kan katako ya karye a ƙugu, mai gini zai ce Allah ya sawwaƙe, wataƙila ya biya kuɗin ɗori, washegari kuma wani birkilan ne a kan bangon.

An ɗan matsa gaba, kada a ci haƙƙin gwamnati. Jihar Kaduna ta kafa hukumar inshorar lafiya ta KADCHMA da dokar 2018, kuma mai sana'ar hannu na iya yin rajista da kuɗinsa. A 2022 dokar NHIA ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Duk mai iyali ya kamata ya shiga. Sai dai ita inshorar, kuɗin asibiti take ragewa. Ba ta auno masara, ba ta biyan haya, ba ta sallamar yaran shago a watannin da mutum ke kwance. Ciwon mai albashi ɗaya ne. Na mai jinga biyu ne, na jiki da na tukunya, kuma na biyun ya fi daɗewa.

Da can zumunci ne ke toshe wannan ɓaraka. Yaran da ka koya wa aiki su riƙe shago su kawo cefane, abokan sana'a su yi karo-karo. Har yanzu ana yi, amma kowa da nasa nauyin, kuma karo-karo sau ɗaya ake yi da zuciya ɗaya. Na biyu sai an sha kunya. Wasu za su ce ai suna adashi. Adashi layi yake bi, ciwo kuwa bai san layi ba. In ka riga ka kwashe naka ka sayi injin walda, zubi ne ma zai biyo ka har gadon asibitin Barau Dikko.

Masu ƙyamar inshora saboda riba da caca, hujjarsu ta ragu tun da hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar Musulunci, a 2013, aka kuma samu kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. A ganina ƙungiyoyin sana'a ne ya kamata su fara motsi, tunda sun iya karɓar kuɗin wata-wata na biki da zaman makoki. Su ware asusu na daban wanda ba a taɓawa sai ɗan ƙungiya ya kasa aiki, a rubuta nawa za a ba shi duk mako da kuma tsawon wata nawa, sannan su je su yi ciniki da kamfanin takaful da sunan mutum ɗari, maimakon kowa ya je shi kaɗai.