RA'AYINMU: Kafin Mu Tura Labari, Mu Tambaya

'Yan'uwa cikin Ubangiji, babu wanda ke zaune a Turba, ko Isa, ko Gatawa, ko Sabon Birni, da zai raina amfanin wayar hannu. Da ita ake sanar da matafiyi cewa hanyar Shinkafi ba ta biyuwa yau, da ita kuma ake jin lafiyar dangin da suka tsallaka jihar Maraɗi gudun hijira. Mun ga irin ƙuncin da aka shiga a watan Satumba na 2021, sa'ad da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. To amma wannan wayar da ke ceton rai, ita ce kuma ke shigo mana da ƙarya har cikin ɗaki, shi ya sa muka ga ya wajaba mu ja hankalin ikilisiyoyinmu.

Matsalar ita ce, a ƙasar Gobir yau labarin gaskiya da na ƙarya kamarsu ɗaya. Gaskiya ne an ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni a watan Disamba na 2021. Gaskiya ne kuma bidiyon da ya nuna Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi, kafin rasuwarsa a watan Agusta na 2024. Wanda ya ga irin waɗannan, duk abin da aka turo masa zai gaskata. A nan ne maƙaryaci ke samun ƙofa.

Bari mu duba abin da ya faru a wasu wurare. A watan Yuli na 2010 wata tankar mai ta yi bindiga a garin Sange na ƙasar Kwango, mutum fiye da 200 suka mutu. Shekara da shekaru ana yawo da hoton gawarwakinsu a intanet, ana cewa wai Kiristoci ne aka ƙone a Nijeriya, kuma masu bi da yawa sun tura shi da hawaye. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Gashish a jihar Filato, an baza wani bidiyo a Facebook a kan cewa na kisan ne, alhali binciken BBC ya nuna a Kwango Barazabil aka ɗauke shi tun 2012. Washegari aka tare hanya, aka kashe matafiya 11 waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ko a nan Sakkwato, a watan Mayu na 2022, bayan kisan ɗalibar nan ta Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, an yaɗa cewa an kai hari gidan Bishop Matthew Kukah, sai da ofishinsa ya fito ya ƙaryata, ko da yake ya tabbatar an taɓa wasu majami'u. Haka nan a watan Agusta na 2014 saƙon waya ya sa jama'a shan ruwan gishiri wai maganin Ebola, har aka rasa rayuka.

Me ya sa ƙarya ke gudu haka? Na farko, an gina Facebook da TikTok ne domin su riƙa nuna abin da mutane suka fi tsayawa a kai, kuma babu abin da ke tsayar da mutum kamar tsoro da fushi. Masu shafuka da yawa kuɗi suke samu bisa yawan masu kallo. Wani bincike da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2018 ya nuna cewa a Twitter, gaskiya na ɗaukar ninki shida na lokacin da ƙarya ke ɗauka kafin ta kai ga mutum 1,500. Na biyu, saƙon murya ba shi da sa hannu. Ka ji wani na cewa "ƙanena soja ne, shi ya faɗa mini", ba suna, ba gari, ba rana. Na uku, mukan gaskata saƙo domin mun amince da wanda ya turo, alhali shi ma turo masa aka yi, ko kuma a rumfar mai cajin waya aka zuba masa. Ga shi yanzu kwamfuta na iya kwaikwayon muryar mutum da fuskarsa, don haka ko "gani ya kori ji" sai an yi masa hattara.

Mu da muke 'yan tsiraru a wannan yanki, hasarar ta fi yawa a kanmu. Labarin ƙarya guda na iya sa iyali su bar gero a gona su gudu, ko su faɗa hanyar da ta fi hatsari. Yana iya ɓata zumuncin shekaru tsakaninmu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda tare muke binne matattu, tare ake karɓar mana kuɗin fansa. Mafi muni kuma, idan aka saba jin ƙarya daga bakinmu, ranar da muka kawo kukan gaskiya gaban hakimi ko jami'an tsaro, babu mai saurarenmu.

Saboda haka muna roƙon kowane mai bi ya yi wa kansa tambaya uku kafin ya tura saƙo: wa ya faɗa, a ina abin ya faru, kuma yaushe? Idan saƙon na ɗauke da alamar kibiya biyu a WhatsApp, ya riga ya bi hannuwa da yawa ke nan, a yi taka-tsantsan. Idan an ce an kai hari wani ƙauye, a buga wa mutumin da ke can, a ji daga bakinsa. A jira a ji ko gidajen rediyon da aka sani sun ɗauka. Matasanmu masu ilimi su taimaki iyaye wajen binciken asalin hoto, da duba shafukan masu tantance labarai irin su Dubawa.

Fastoci da dattawan ikilisiya, ku ne jagora. Kada a karanta labarin waya a bagade ko a lokacin sanarwa sai an tabbatar da shi. Kowane zauren WhatsApp na ikilisiya, ko na Zumuntar Mata, ko na matasa, ya kasance da dattijo mai tsawatarwa. Wanda kuma ya tura labari daga baya ya gane ƙarya ne, ya koma inda ya tura ya gyara, wannan ba abin kunya ba ne.

Doka ta tara ta hana mu shaidar zur, kuma tura abin da ba mu tabbatar ba shaida ce muke bayarwa da ɗan yatsa. Magana zarar bunu ce. Allah ya ba mu hikimar rarrabewa, ya kawo salama a ƙasar Gobir da Nijeriya baki ɗaya. Amin.