Taswirar Aiki Ta Zauna a Gida, Shawara Ta Tafi Intanet

Mara lafiyar da ya taso daga Gamawa ko Itas zuwa asibitin tarayya da ke Azare, tun daga yankar kati har ya zuwa karɓar magani, yakan bi ta hannun akawu da likita da ma'aikacin ɗakin gwaji, kuma kowannensu yana da sharaɗin da sai ya cika kafin takarda ta wuce gaba. Samarinmu masu rubuta manhaja domin irin waɗannan ma'aikatu, kafin su rubuta ko da layi guda, wajibi ne su zana wannan tafiya daki-daki: da'ira a mafari, akwati ga kowane aiki, kibiya tana nuna inda aka nufa, da alamar mararraba a inda hukunci ya rabu biyu. Ƙa'idar wannan zane, wadda ake kira BPMN, ta sami sigarta ta biyu a 2011, kuma saɓanin da ke tsakanin ma'abota sana'ar a yau shi ne inda ya kamata a yi zanen: a manhajar da aka girka cikin kwamfuta, ko kuwa a burauza bisa intanet.

Hujjar masu son burauza ba abar rainawa ba ce, domin shugaban sashe yana Bauchi, mai zane yana Azare, za su dubi taswira guda a sa'a guda, wannan ya gyara, wancan ya yi ta'aliki, ba tare da kwafi goma masu saɓa wa juna sun taru ba. Shawara kuwa ginshiƙi ce a kowane al'amari na jama'a.

Sai dai a ra'ayina, wanda ke aiki a ƙasar Katagum ya kamata ya ɗauki manhajar kwamfuta a matsayin asali, burauza kuma reshe. Dalili shi ne, ta farko lantarki kaɗai take bukata, wanda batirin kwamfutar cinya da ɗan farantin sola za su wadatar, alhali ta biyu tana bukatar lantarki da sabis da kuɗin data gaba ɗaya, in ɗaya ya yanke aiki ya tsaya cik. Ba mu manta ranar 14 ga Maris 2024 ba, sa'ad da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, har hada-hadar bankuna ta rikice a Nijeriya. Haka nan a Oktoban shekarar jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu, kana a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Akwai kuma mas'alar amana, wadda ta fi damuna: taswirar da ta bayyana yadda kuɗi ke shiga da fita a ma'aikata, da wanda ke sa hannu, sirri ce, kuma ajiye ta a ma'ajiyar wani kamfani na ƙetare, wanda ke iya sauya farashi ko sharaɗi ranar da ya so, abu ne da ke bukatar dogon nazari. Zanen aro ba ya rufe katara.

Alhamdu lillahi, zaɓin bai tilasta rabuwa ba, tun da manhajojin zane na Camunda Modeler da draw.io duka ana girka su kyauta a kwamfuta, kuma fayil ɗin BPMN rubutu ne da wata manhajar za ta iya buɗewa. Saboda haka ina roƙon malaman kimiyyar kwamfuta na jami'ar da ke Gadau su fara horar da ɗalibai a kan manhajar da ba ta jiran sabis, su koya musu adana kowane gyara da Git, sa'an nan in lokacin zama da masu ma'aikata ya yi, a ɗora kwafi a burauza domin kowa ya faɗi albarkacin bakinsa.