Kanu a Sakkwato: Abin Da Tarihin Yakubu Nabame Ke Tuna Mana

Tun da kotun tarayya da ke Abuja ta yanke wa Nnamdi Kanu, jagoran ƙungiyar IPOB, hukuncin ɗaurin rai da rai a watan Nuwamban 2025, aka kuma wuce da shi gidan yarin Sakkwato, wasu ke ganin an rufe babin Biyafara ke nan. Wanda ya san tarihin ƙasar Gwandu da Kabi zai yi jinkiri kafin ya yarda, domin ba yau Sakkwato ta fara riƙe irin wannan baƙo ba.

A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, amma Kabawa ba su sallama ba. A 1831 rundunar Gwandu ta kashe Sarkin Kabi Karari, aka kai ɗansa Yakubu Nabame Sakkwato, inda ya zauna a hannu shekara 18 ko kusa da haka. Ruwaya ta ce ya ceci ran ɗan Sarkin Musulmi Aliyu Babba a yaƙin Gobirawa, shi ya sa aka yarje masa komawa gida. A 1849 ya ayyana kansa Sarkin Kabi a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa suka mara masa baya.

Abin lura shi ne, duk tsawon shekarun da babu shi a ƙasar, ƙorafin mutanensa bai mutu ba, jagora kawai yake jira. Kuma da aka kashe shi a fagen daga a 1854, yaƙin bai tsaya ba. Sarkin Gwandu Haliru ma a hannun Kabawa ya rasa ransa a 1860. Sai a 1867 aka ƙulla sulhun da ake kira Lafiyar Toga, wanda bai kai shekara goma ba ya wargaje. Ɗan Nabame, Sarki Sama'ila, ya ci gaba da kai hare-hare har zuwan Turawa. Talakawan garuruwan da ke tsakanin Gwandu da Argungu su suka ɗanɗana kuɗarsu: gonaki a ƙone, 'ya'ya a hannun masu kamun bayi.

Har gobe sunan Nabame biyu ne. A Argungu gwarzo ne da ya maido da daular Kanta. A zauren wasu malaman Gwandu ko Kalgo kuwa, mai warware alkawari ne da ya ci amanar waɗanda suka bar shi da rai. Haka ake rabuwa a kan Odumegwu Ojukwu, haifaffen Zungeru da ya riƙe bataliya ta biyar a Kano, ya ayyana Biyafara ran 30 ga Mayun 1967, ya tsere Kwaddibuwa a Janairun 1970. Shagari ya yi masa afuwa a 1982, ya dawo ya shiga NPN.

Ba ina daidaita mutanen uku ba ne. Nabame gadon sarauta yake nema, Ojukwu gwamnan soja ne da ya ɓalle bayan kashe-kashen 1966, shi kuwa Kanu kotu ce ta same shi da laifin ta'addanci, kuma 'yan uwansa Ibo ne suka fi shan wahalar dokar zaman gida ta ranar Litinin. A ganina hukuncin ya amsa tambayar laifi, ya bar ta siyasa a buɗe.

Gabar Kabi da Sakkwato ba takobi ne ya kashe ta ba. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya taka ƙafa ya je Argungu, aka yi masa su a Matan Fada, wanda daga nan bikin kamun kifi ya samo asali. Shekara 85 ke nan bayan tawayen Nabame. Yau Sarkin Gwandu yana zaune a Birnin Kebbi, tsohon birnin Kabawa, masarautun biyu suna jihar Kebbi tun 1991. Har yanzu Abuja ba ta nuna wanda zai yi wa Kudu maso Gabas irin wannan tattakin ba.