Wasiƙa zuwa ga malaman lakwal na Gidan Rumji, Agiye da Gazawa

Barkanmu da fama da alli.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, aikin gida ya daina nuna mana abin da yaro ya sani. Ɗan kwalejin Tibiri da ya ari salular yayansa, muddin akwai rezon Airtel ko Zamani, zai kawo rubutu da Faransanci mai tsabta fiye da namu, bai gane rabinsa ba. Ƙwace waya ba zai magance wannan ba, don ranar kasuwa zai sake samun wata. Ma'auninmu ne ya tsufa: mun daɗe muna ba da maki ga wanda ya maido abin da muka rubuta a allo, ga shi na'ura ta fi kowa iya wannan.

Ku riƙa ba da aikin da amsarsa ba ta cikin waya. A Ɗan Saga, cikin yankin Agiye, manoma sun dawo da itatuwa gonakinsu ta hanyar sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma. Ku tura yaro ya ƙirga gawon da ke gonar babansa, ya auna tsawonta da taki, ya tambayi tsoho dalilin da ya sa gero ke yin kyau ƙarƙashin gawo. In ya so ya nemi taimakon na'ura wajen lissafi, ku bar shi. Amma ya tsaya gaban aji ya bayyana da bakinsa, ku yi masa tambaya ta biyu da ta uku. A nan ake gane mai ilimi da mai kwafa.

Kuma ku bar shi ya fara bayanin da Hausa. Tun Maris 2025 ita ce harshen ƙasa a hukumance. Wanda ya iya fayyace rabawa da harshensa, Faransancin BEPC zai zo masa da sauƙi.

Masu kawo mana kwamfutocin kyauta kuwa, ku tambaye su kafin sufeto ya sa hannu: kwamfutar tana aiki in babu intanet? Wa zai yi cajinta a ƙauyen da wutar Nigelec ba ta kai ba? In ta lalace, akwai mai gyara a Maraɗi? A ajin zana mai yara sama da benci, wanda ƙurar hunturu ke ratsawa, in ba su da amsa, gara su kawo littattafai.

Naku,
wani malami ɗan uwanku.