Awon Ƙarfin Zuciya Ba Tare Da Huda Jijiya Ba: Ina Rabon Kudancin Kaduna?

Zuciyar baligi mai lafiya kan tura jini kimanin lita 5 a kowane minti idan yana hutawa. Idan ta raunana adadin yakan ragu, ƙafafu su kumbura, numfashi ya yi wuya. Sanin wannan adadi yana taimaka wa likita wajen daidaita magani.

Tun 1970 ake auna shi ta hanyar zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya, dabarar likitoci Swan da Ganz. Aiki ne mai tsada da haɗari, sai a ɗakin kulawa ta musamman. Amma a 1966 Kubicek na Jami'ar Minnesota a Amurka ya fito da wata hanya: a manna faifai a wuya da ƙirji, a ratsa da lantarki ɗan ƙanƙani da ba a jin sa. Da yake jini ya fi tsoka da ƙashi saurin ɗaukar lantarki, na'urar kan lissafa yawansa daga sauyin da kowane bugu ke haifarwa.

Me ya sa abin ya shafe mu? A 1978 likitoci Davidson da Parry suka nuna yadda ciwon zuciyar masu jego ya yawaita a Zariya. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta daga baya ya tabbatar da cewa Arewa maso Yamma na cikin wuraren da cutar ta fi ƙamari a duniya. Mai jego a Kakuri ko Barnawa ko Sabon Tasha bai kamata sai ta ƙetare Kogin Kaduna, ko ta nufi Shika, kafin a gane zuciyarta na gazawa ba.

Sai dai a yi hattara. Awon yakan kauce idan ruwa ya taru a ƙirji, ko bugun zuciya ya rikice, alhali waɗannan su ne alamomin masu tsananin ciwon. Ya fi amfani wajen bin sauyin da ake samu a jikin majinyaci, kuma ba zai maye gurbin hoton zuciya ba.

Don haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Kaduna da ta fara gwada na'urar a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, a riƙa kwatanta sakamakonta da na hoton zuciya kafin a sayo da yawa. A horar da ma'aikatan jinya, a tanadi faifan da wutar sola, domin na'urar da ke kulle a sito ba ta ceton kowa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.