Kar Sitikar "Core i7" Ta Ruɗe Ku

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe da aka yi wa alkawarin kwamfuta bayan jarrabawa, ku ɗan tsaya a nan.

A hutun da ya wuce yayana ya sayo laftof ta gwanjo da kuɗin da ya daɗe yana tarawa. Mai shago ya nuna masa sitika ya ce, "Ai wannan i7 ce, babu na sama da ita." Sai a gida muka ga cikakken sunan: i7-3520M. Ashe ta 2012 ce, ta kusa sa'ar ƙanwata!

Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Sunayen i3, i5 da i7 da kamfanin Intel ke ba ta matsayi ne kawai tsakanin 'yan zubi ɗaya, kamar na ɗaya da na biyu a aji. Wane aji? Wannan sai lambar da ke bayan ɗan layin. A 3520M, 3 ɗin farko na nufin zubi na uku, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshan. A i5-8250U kuwa zubi na takwas ne, na 2017. Wannan i5 ɗin tana da ƙwayoyin aiki huɗu masu raba aiki tsakaninsu, i7 ɗin yayana biyu kacal. Na ɗaya a aji uku ba zai ja da na biyu a aji shida ba. Idan lambobin biyar ne, kamar 10210U, biyun farko za ku karanta: zubi na goma.

Harafin ƙarshe ma magana yake yi. U mai tattalin batir ce, abin so a inda wuta ke wasan ɓuya. H ta fi ƙarfi, amma ta fi shan caji.

Ga babbar asarar: Windows 11 kusan sai daga zubi na takwas take karɓa, kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025.

Ra'ayina, ya kamata a koya mana wannan a darasin kwamfuta. Mun haddace ma'anar CPU tun ƙaramar sakandare, amma kaɗan ne cikinmu za su iya karanta sunanta a kasuwa. Kafin ku miƙa kuɗi, ku sa a kunna, ku shiga Settings, System, About, ku karanta lambar da idonku. Idan mai shago ya ƙi, ku wuce shago na gaba.